Daga Kuɗin Karofi Zuwa Kuɗin Ruwa a Ƙasar Kura

Wanda ya fita daga birnin Kano ta hanyar Zariya cikin watan Fabrairu, in ya yi tafiyar mil ashirin ko kusa da haka, sai ya ga ƙasa ta sake kama. A bayansa ya bar gonaki busassu, ba kome sai kututturen kara da ƙura, a gabansa kuwa ga shuka kore shar, alkama da tumatir da albasa da masara, ruwa yana gudu cikin magudanai kamar ana tsakiyar damina. Wannan ita ce ƙasar Kura da Kadawa da Garun Malam da Bunkure, inda a ke noman rani da ruwan madatsar Tiga. Baƙo ya kan ce mutanen nan sun huta. Lalle sun sami alheri, babu mai musun haka. Amma ruwan nan ya zo musu da dokoki irin nasa, ranar da za a shuka, da abin da za a shuka, da ranar da za a buɗe wa wane ruwa a rufe wa wane, da kuɗin da za a biya. In mun so mu gane dalilin da ya sa waɗansu dokokin suka kama, waɗansu kuwa suka tsaya a kan takarda, sai mu koma baya mu duba yadda mutanen wannan ƙasa suka saba neman izni wurin hukuma tun zamanin kakanni.

A zamanin da, kafin zuwan Turawa, izni na baki ne. Mutum in yana son gona sai ya tafi wurin mai unguwa ko dagaci, ya riƙa ɗan goro ko kaza don gaisuwa, a haɗa shi da dattawa su nuna masa inda zai sara. Waɗannan dattawan su ne takardarsa. In rigima ta taso bayan shekara ashirin, su za a kira, ko 'ya'yansu, su ce daga tsamiyar can zuwa gindin kukar nan na wane ne. Hakimin da ke da ƙasar yana zaune a birni kusa da Sarki, jakadansa ne ke zuwa ya tara abin da za a tara.

Abin da a ke tarawa kuwa ba kaɗan ba ne. Wani Bature Bajamushe, Dokta Barth, wanda ya ke kiran kansa Abdulkarim, ya sauka Kano cikin 1851, zamanin Sarkin Kano Usman, ya rubuta irin kuɗin da talakawa ke biya. Ya ce kowane mai gida yana biyan wuri 2,500 kuɗin ƙasa. Kowane karofi, watau ramin rini, wuri 700 a shekara. Kowane gindin dabino wuri 600. Akwai kuma kuɗin rafi, wanda a ke karɓa a kan irin su dankali da gwaza da rizga da rogo. Ya ce karofin da ke cikin birni kaɗai sun fi 2,000. In ka lissafa, sai ka ga marinan birni kawai suna kawo wa Sarki wuri 1,400,000 kowace shekara. Ka lura kuma, mai karofi huɗu abin da ya ke biya a kan ramukansa ya fi kuɗin ƙasar gidansa duka.

Wannan magana ta shafi Kura ƙwarai, domin Kura garin rini ne. Baƙin yadin nan mai ƙyalli da Buzaye ke naɗawa su rufe fuska, wanda marina ke turawa da baba sa'an nan mabuga su buge shi har ya riƙa walƙiya, sunan garin ya ɗauka, ana ce masa ɗan Kura, fatake suna kai shi har Agadas da gaba. Saboda haka tun kafin kowa ya yi mafarkin madatsar ruwa, mutumin Kura ya san cewa duk sana'ar da a ke yi da ruwa cikin rani, ko ta marini ce a bakin karofi, ko ta mai lambu da ke ja da jigo a bakin rafi, hukuma tana da rabo a ciki. Sai dai fa a lura da abu guda. Sarki ba shi ne ya kawo ruwan ba. Marini shi ya haƙa raminsa, mai lambu shi ya kafa jigonsa. Sarki rabonsa kawai ya ke karɓa, ba ya ce wa kowa ga ranar da za ka shuka albasa.

Yawan karɓe-karɓe kuwa tsohon ciwo ne a ƙasar Kano. Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Kutumbi, wanda ya yi sarauta daga 1623 zuwa 1648, shi ya fara karɓar jangali daga Filani. Ya nuna kuma Sarki Kumbari, daga 1731 zuwa 1743, ya matsa wa kasuwar Kurmi da karɓar kuɗi har ta kusa mutuwa, Larabawa suka tashi suka koma Katsina. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, cikin littafinsa Kitabul Farƙi, ya lissafa jangali da kuɗin gari da gaisuwa cikin ayyukan sarakunan Haɓe da ya ke zargi. Duk da haka, kamar yadda muka gani a lissafin Barth, shekara arba'in da 'yan kai bayan jihadi an koma ana karɓar da yawa daga cikin irin waɗannan kuɗaɗe. Sarauta ba ta tafiya sai da dawaki da barori, su kuwa ba sa cin iska.

Turawa suka ci Kano cikin Fabrairu 1903, bayan sun fasa Bebeji a kan hanya, nan kudu da Kura. Abin da suka kawo sabo a wannan sha'ani shi ne takarda. Da fari Gwamna Lugga ya sa ana karɓar kuɗin fito daga ayarin fatake, sa'an nan aka soke shi cikin 1907. A wajen wannan lokaci aka fitar da hakimai daga birni, aka ce kowa ya tafi ya zauna cikin gundumarsa, aikin jakadu ya mutu. Sannu a hankali aka haɗe ƙananan kuɗaɗen nan, na karofi da na rafi da na shuka, suka zama haraji guda. Wajen 1909 aka soma awon taki a gundumomin da ke kewaye da birni, malamai suna bin gonaki suna taka tsawo da faɗi, suna rubuta sunan mai gona da abin da zai biya. Aka kafa Baitulmali, aka yanka wa Sarki da hakimai da alkalai albashi, aka ce duk wanda ya biya haraji a ba shi rasit.

A ganina rasit ɗin nan babban abu ne, ko da ya ke ɗan guntun takarda ne. Ma'anarsa ita ce hukuma ta yarda a kama ta da bakinta: ga abin da na karɓa, ga ranar, ga sunan wanda ya karɓa. Amma takarda ba ta yi wa wanda bai iya karatu ba shaida. Malamin taki yana iya ƙara wa gonar matalauci ya rage wa ta mai gaisuwa, mai tara haraji yana iya karɓar sule goma ya rubuta bakwai, mai gona ya linke takardar ya sa cikin hula yana murna. Da can in an zalunce shi ya san dattawan da zai kira. Yanzu shaidarsa tana hannunsa, amma sai ya nemi wani ya karanta masa. Cikin dalilan da suka sa manya suka yi ta shiga ajin Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950, har da wannan.

Akwai wata doka da aka yi cikin 1910 wadda talakawa kaɗan ne suka ji labarinta a lokacin, amma jikokinsu suka ɗanɗana ta. Dokar ta ce dukan ƙasar Nijeriya ta Arewa tana ƙarƙashin ikon Gwamna, yana riƙe da ita don amfanin 'yan ƙasa. Wani gefen dokar alheri ne, domin ta hana kamfanonin Turawa sayen filaye su mai da manoma 'yan ƙodago, kamar yadda aka yi a Kenya da Rodeshiya. Ɗaya gefen kuwa shi ne, manomi ba shi da ƙasar, amfaninta kawai ya ke da shi. Ranar da hukuma ta bukaci wurin don aikin jama'a, za ta iya karɓa, ta biya shi diyyar abin da ya gina ko ya dasa. An sabunta wannan doka cikin 1916, aka kuma sake ta cikin 1962 bayan samun mulkin kai, amma gindinta bai sake ba. Shekara sittin manomin Kura yana gado yana sayarwa yana jingina kamar babu dokar, domin ba wanda ya zo ya ce yana son gonarsa.

A zamanin En'e ne ƙananan takardun izni suka yi yawa. Mai keke sai ya yanki lamba kowace shekara, in ɗan doka ya tare shi ba ta, sai gaban alkali. Mai bindiga sai da lasin. Mahauci sai ya yi yanka inda aka keɓe, ya biya kuɗin wurin. Duba-gari yana shiga gida ya leƙa randa da masai. Wadda ta fi ba manoma haushi ita ce dokar itatuwa, domin akwai itatuwan da ba a sarewa sai da takarda daga malamin daji, ko da kuwa a tsakiyar gonar mutum su ke, ko da ubansa ne ya rene su. Nufin dokar mai kyau ne, ƙasa ba itace ai hamada ce. Amma da wuya ka fahimtar da mutum cewa ɗorawar da matarsa ke yin daddawa da ita tun tana amarya sai ya nemi iznin wani yaro mai kaki kafin ya taɓa reshenta.

Babban lasin kuwa na gyaɗa ne. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911 ciniki ya buɗe, daga baya aka kafa hukumar ciniki wadda ita kaɗai ke da ikon fitar da gyaɗa waje, ita ke yanka farashi, ita ke ba manyan 'yan kasuwa lasin saye. Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji ya rasu cikin 1955, shi ne shahararre cikin 'yan ƙasa da suka yi wannan ciniki. Manomi ba ya ganin lasin da idonsa, yaran masu lasin da sikelinsu kawai ya ke gani, amma wannan takarda ita ke yanke abin da zai shiga aljihunsa bayan kaka. Ba a rushe hukumomin cinikin nan ba sai 1986. Har magana ma sai da izni. Bayan da aka kafa jam'iyyar NEPU cikin Agusta 1950, duk mai son yin lacca a ƙauye sai ya nemi takarda daga En'e, ita kuwa En'e ita ce a ke zuwa a soka a wurin laccar. Mutane da yawa sun sha ɗauri a kan taron da ba takarda.

To, duk waɗannan dokoki, masu daɗi da marasa daɗi, a bakin gona suka tsaya. Cikin gona manomi shi ne sarki. Ran da ruwan shuka ya sauka shi zai duba ƙasa ya ce a fita ko a dakata, shi zai ce nan gero, nan dawa, a ratsa wake a tsakani. Abin da ya sake wannan shi ne ruwan Tiga.

An kafa Jihar Kano cikin Mayu 1967, Audu Bako ya zama Gwamna. Mutum ne mai son aikin ruwa ƙwarai. Aka gina ƙaramar madatsa a Bagauda, da ruwanta aka soma gwajin noman rani a Kadawa wajen 1970, tare da shawarar waɗansu injiniyoyi mutanen Holan. Sa'an nan aka tare kogin Kano a Tiga, aka yi aikin daga 1971 zuwa 1974, daidai lokacin da fari ya ke kashe shanu da amfanin gona a ƙasashen Arewa. Wanda ya ga wannan fari ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan amfanin tara ruwa. An shirya kashin farko na aikin zai shayar da hekta 22,000, hekta guda kuwa wajen eka biyu da rabi ce, ko da ya ke shekaru masu yawa abin da aka gama gyarawa bai wuce wajen kashi biyu cikin uku na wannan ba. Cikin 1976 Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumomin raya koguna goma sha ɗaya, aikin ya koma hannun Hukumar Kogin Haɗeja da Jama'are.

A nan tsohuwar dokar 1910 ta farka. Dubban mutane da ruwan Tiga ya cinye garuruwansu aka tashe su aka kai su sababbin matsugunai, suka bar fadamunsu da kaburburan iyayensu a ƙarƙashin ruwa. Su kuwa mutanen Kura da Kadawa da Ciromawa da Bunkure, wani tsari dabam aka yi musu. Aka auna gonar kowa aka rubuta, aka karɓe, manyan motoci suka shigo suka tumɓuke itatuwa, suka share iyakoki, suka baje ƙasa don ruwa ya gudu daidai, aka haƙa magudanai. Da aka gama sai aka mayar wa kowa da fili, an rage kashi ɗaya cikin goma saboda abin da hanyoyi da magudanai suka ci. Tsamiyar can da kukar nan da dattawa ke shaida da su duk sun tafi. Daga ran nan iyakar gona ta koma taswira da lamba a ofis.

Mayar wa manoma da filinsu shi ne mabuɗin duk abin da ya biyo baya, kuma za a fi gane shi in an kwatanta da Gezira ta ƙasar Sudan, inda Hausawa da Filani da yawa, mahajjata da zuriyarsu, suka yi aikin auduga. Can an gama madatsar Sennar cikin 1925. Hukuma ta karɓi hayar ƙasar duka daga masu ita, ta yanka ta, ta raba wa mutane a matsayin 'yan haya. Ɗan haya tilas ya shuka auduga inda aka ce, ran da aka ce, hukuma ta sayar ta ba shi rabonsa. In ya ƙi, a kore shi a sa wani. Doka ta kama a Gezira domin akwai bulala a bayanta. A Kura kuwa mai gona mai gona ne. Ba a iya korarsa don ya ƙi alkama. Ni dai ina ganin wannan ya fi adalci nesa ba kusa ba, musamman in aka tuna abin da ya faru a Bakolori ta ƙasar Sakkwato cikin Afrilu 1980, inda rigimar diyya da rabon fili ta kai ga 'yan sanda suka buɗe wa manoma wuta aka rasa rayuka. Amma adalcin nan ya bar ma'aikatan ruwa da dokoki a hannu ba su da abin tilastawa.

Dubi maganar dawa. Gwamnati alkama ta ke so, domin burodi ya shiga birane, kuɗin ƙasa yana ta zurarewa waje wurin sayo alkamar Amurka. Alkama kuwa 'yar sanyi ce, in ba a shuka ta daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba ba, zafin bazara zai riske ta kafin ta yi ƙwaya. Ita kuwa dawa a daidai wannan lokaci ta ke tsaye a gona ba a girbe ba. Sai ma'aikata suka nemi a daina shuka dawa cikin filin aikin, a koma masara ko wani abin da ke nuna da wuri. A kan takarda maganar daidai ta ke. Amma dawa ita ce tuwon gida, karanta shi ne danga da makamashi da abincin dabbobi. Mai gida da ke da baki goma sha biyar ba zai bar rumbunsa wayam ya dogara ga alkamar da bai san farashinta ba. Da yawa suka ci gaba da shuka dawarsu, alkama ta makara, ma'aikata suka rubuta cewa manoma ba su da haɗin kai. Waɗansu kuma suka lura tumatir ya fi kawo kuɗi, suka bi shi. Sa'ad da Gwamnati ta hana shigo da alkama cikin 1987, farashi ya hau, ba wanda ya roƙi kowa, mutane da kansu suka cika fili da alkama. Da aka janye hanin cikin 1992 suka koma tumatir da shinkafa. Abin da malamin gona ya yi shekaru yana faɗa bai samu ba, kasuwa ta yi shi cikin rani guda, ta kuma warware shi.

Abin da ya rage a hannun hukuma shi ne ruwan kansa, da kuɗin ruwa da a ke yankawa a kan kowace hekta kowane rani. Nan ma akwai wuya. Ga yadda aikin ya ke: ruwa yana fitowa daga Tiga ya bi babbar magudana dare da rana, da dare a tara shi cikin waɗansu tafkuna da aka gina, da safe a buɗe ƙofofi ya bi ƙananan magudanai, kowace ƙaramar magudana tana shayar da gonakin mutane da yawa a jere, kowa yana ja da lanƙwasasshen tiyo zuwa cikin kunyoyinsa. To, in mutum goma suna kan magudana ɗaya, bakwai sun biya uku sun ƙi, yaya za a yi? In an rufe, an zalunci bakwai. In an buɗe, ukun nan sun sha a banza, baɗi kuwa sai su zama shida. Mai karɓar kuɗin karofi a zamanin Sarki Usman bai san wannan wahala ba, rami yana nan a wuri guda, mai shi sananne ne.

Wanda ya fi kowa shan wuya shi ne na ƙarshen magudana. Malaman fiƙihu sun daɗe da shimfiɗa ƙa'ida a kan ruwan da jama'a suka yi tarayya a kansa, na sama ya sha gwargwadon bukata sa'an nan ya sakar wa na ƙasa. Amma na sama shi ke fara ganin ruwa, in ya ga dama ya tare da buhun ƙasa, ko ya fasa gefen magudana da dare. Tun shekarun 1980 kuma ƙananan injunan ban ruwa suka yawaita, mutanen da gonakinsu ke wajen taswira suka riƙa jefa tiyo cikin magudana suna zuƙa. Na ƙarshe ya biya kuɗin ruwa, ruwa bai iso ba, tumatirinsa ya ƙone. Baɗi in ya ƙi biya, wa zai ce ya yi laifi? In kuɗi bai taru ba ba a yashe magudana, ciyawar kacala ta toshe ta, ruwan da ke isa ƙarshe ya ƙara raguwa. Wajen 1987 kuma aka rage wa hukumomin koguna aiki, aka ce su tsaya ga ba da ruwa, su bar harkar taki da tarakta, sai ɗan abin da su ke jan manoma da shi ya ƙara ƙaranci.

Filani ma dokar ta shafe su. A da in an yi girbi su kan shigo da shanu su ci kara su bar taki, mai gona har hatsi ya kan ba su. Yanzu gona ba ta hutawa, burtali da mashaya da yawa sun shiga cikin filin aikin, saniya guda in ta sauka cikin magudana ta rusa gefenta. Wurin da a ke marhabin da makiyayi jiya ya zama wurin da a ke kai shi ƙara.

A cikin waɗannan shekaru dokokin da ke wajen gona su ma sun yi ta sakewa. Cikin 1976 aka rushe tsarin En'e aka kafa ƙananan hukumomi. Cikin 1978 aka yi dokar mallakar ƙasa ta Nijeriya duka, wadda ta ɗauki tsarin nan na Arewa ta shimfiɗa ko'ina, ta sa ƙasa a hannun Gwamnan jiha, ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da takardar gona a karkara har hekta 500. Cikin 1979 Gwamna Abubakar Rimi na jam'iyyar PRP ya soke haraji da jangali a Jihar Kano, talakawa suka yi murna ƙwarai, dagatai kuwa suka rasa babban aikin da ya sa a ke tsoronsu. Amma ƙaramar hukuma ba ta rayuwa ba kuɗi, sai ƙarfinta ya koma kasuwa da tasha da hanya. Mai kwandon tumatir da ya ɗora kaya a Kwanar Gafan zai kai Ikko ya san yawan hannuwan da ke miƙo masa tikiti kafin ya isa. Abin ya yi yawa har cikin 1998 Gwamnatin soja ta yi doka ta lissafa kuɗaɗen da kowace hukuma ke da ikon karɓa, ta bar wa ƙaramar hukuma irin su kuɗin rumfar kasuwa da na mayanka da na keke da baro da amalanke, ta kuma hana tare hanya don karɓar haraji. Direbobin manyan motoci su ne za su ba da labarin iyakar inda wannan hani ya kai.

Akwai kuma dokar ruwa ta 1993, wadda ya kamata kowane mai noman rani ya sani. Ta sa ikon kogunan da suka ratsa jiha fiye da ɗaya a hannun Gwamnatin Tarayya, amma ta bar wa kowa ya ɗebi ruwan sha da na dabbobinsa kyauta, ta kuma yarda wa mai gona a bakin kogi ya shayar da lambunsa ba da biyan kome ba. Watau kuɗin rafi na zamanin da ya faɗi. Kuɗin da a ke biya a Kura na aikin kawo ruwan ne, da gyaran hanyarsa. Dalilin sa ikon a sama kuwa shi ne, kogin Kano ba a Kano ya ƙare ba. Yana haɗuwa da Calawa, wadda ita ma aka datse cikin 1992, ya zama kogin Haɗeja, ya malala cikin fadamun Haɗeja da Nguru, inda masunta da masu shinkafa da makiyaya ke jiran ambaliya kowace shekara. Su ne na ƙarshen babbar magudana, kuma duk abin da aka sha a Kadawa daga rabonsu ya fita.

Tun shekarun 1990 hukumar kogi ta soma neman wata hanya, ta kafa ƙungiyoyin masu shan ruwa, watau manoman da ke kan magudana ɗaya su haɗu su zaɓi shugabanninsu, su tsara kwanakin ban ruwa, su yi gayyar yashe magudana, su tara kuɗi da kansu. Cikin 2014 aka ƙulla wani babban shiri da Bankin Duniya don gyara magudanan Kano da na Haɗeja da na Bakolori, aka sa ƙarfafa waɗannan ƙungiyoyi cikin sharuɗɗansa. Hikimar abin a fili ta ke. Ma'aikacin da ya zo daga ofis ba ya iya hana mutum ruwa, amma maƙwabcin da za su haɗu a masallaci da wurin suna da jana'iza yana iya sa shi jin kunya. An koma ga shaidar dattawa ke nan, sai dai yanzu da littafin rajista da rasit a hannu.

Wahalar da ƙungiyoyin ke fara karo da ita ita ce sanin wanda za a rubuta. Sunan da ke kan taswirar shekarun 1970 sau da yawa na kaka ne, ya rasu, an raba filin tsakanin magada, wani ya sayar, wani ya jinginar. Tun farkon aikin kuma manoman da ba su da kuɗin taki da na 'yan ƙodago su kan ba da hayar filinsu na rani ga attajirai da ma'aikata daga birni, su karɓi abinsu in damina ta zo. Yawancin wannan ciniki da baki a ke yinsa, gaban shaidu biyu ko uku. Saboda haka fili guda yana iya zama da mai suna a ofis, da mai shi na gado, da mai nomansa a wannan rani, sakataren ƙungiya kuwa sai ya bi su ɗaya ɗaya kafin ya san wanda zai miƙa wa rasit.